Sarakunan Turai: an karɓe musu takobi, an bar su da tela

Watannin baya da ake shirin bikin ƙanwata na raka ta wurin tela, ba don ina so ba sai don motata ce kaɗai a ƙofar gida ranar. Muna shiga ta zaro waya ta nuna masa hoton wata farar riga mai dogon hannu na leshi, ta ce irinta take so na ranar dina. Telan ko kallo na biyu bai yi ba ya ce "Hajiya ai wannan ta matar Yarima William ce, na ɗinka irinta sun fi goma." Na ce Malam kai kuma ina ka san matar William, ya yi dariya yana gyara tef ɗin wuyansa ya ce shi bai san ta ba, rigarta ya sani. A hanyar komawa ina tsokanarta na ce ke da ko Ingila ba za ki iya nunawa a taswira ba, ta ce "Yaya don Allah ka ƙyale ni, riga ce ta yi min kyau."

Maganar telan nan ta tsaya min a rai, don a ganina ya faɗi abin da masarautun Turai suka zama a yau ba tare da ya sani ba. Mutane ne da aka raba su da hukunci, aka raba su da baitulmali da sojoji, har bakin magana aka rufe musu, abin da ya rage a hannunsu shi ne a gan su. To wanda aikinsa a gan shi ne, rigarsa da dokinsa da abin da yake yi ranar hutu duk sun zama aikin ofis ke nan.

Ita kanta farar rigar amaryar daga gidan sarauta ta bazu. Kafin 1840 amaren Turai kowacce mafi kyawun kayanta take sawa ko wane launi ne, masu sarauta kuma sun fi son mai zaren azurfa ko zinare. Sarauniya Biktoriya ta Ingila, tana 'yar shekara 20, ta auri Albert ɗan kawunta a farar riga, ba ita ta fara sa fari ba amma daga kanta abin ya zama yayi. Kuma da gangan ta zaɓi kayan gida, silikin saƙar Spitalfields ne a Landan, leshin kuma na masu saƙar hannu na yankin Honiton da injina suka fara kashe musu kasuwa. Wato tun ranar rigar talla ce ga masana'antun ƙasa. Shekara 171 bayan nan Kate matar Yarima William ta fito ranar aurenta a 2011 da rigar Sarah Burton ta gidan Alexander McQueen, shi ma kamfanin da aka kafa a Landan, lissafin bai canza ba.

Ba za ka gane gidajen nan ba sai ka fara sanin cewa kusan duk dangi ɗaya ne. Biktoriya ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, ta haifi 9, jikoki 42, ta rarraba su aure a fadojin nahiyar har ake kiranta kakar Turai. Can a Denmak kuma Sarki Christian na 9 ya yi irin nata, 'yarsa Alexandra ta auri magajin Ingila, ƙanwarta Dagmar ta auri magajin Rasha, ɗansa aka ɗauke shi aka naɗa sarkin Girka. Shi ya sa lokacin da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, George na 5 na Ingila da Wilhelm na 2 na Jamus ɗan namiji da ɗan mace ne, taubasai ke nan a wurinmu, da a nan ne wasa za su riƙa yi da juna ranar cika ciki. George da Nicholas na 2 na Rasha kuma uwayensu ya da ƙanwa ne, in ka ga hotonsu tare da gemun nan sai ka rantse tagwaye ne. Zumuncin bai hana miliyoyin mutane mutuwa ba. A 1917 ƙiyayyar Jamus ta yi zafi a Ingila, jiragen da ke ruwan bama-bamai a Landan sunansu Gotha, sunan gidan sarautar kuma Saxe-Coburg-Gotha, dole George ya canza sunan gidan ya koma Windsor. A shekarar ce kuma aka yi wa Nicholas tayin mafaka bayan juyin juya hali, George ya ji tsoron kada wutar ta lashi rawaninsa ya sa aka janye tayin, a Yulin 1918 aka harbe Nicholas da matarsa da 'ya'yansu biyar. Wilhelm shi ya tsira da ransa ya gudu Holan, ya zauna a wani gida a Doorn har ya mutu a 1941, abin da ya fi shagaltar da shi a can kuwa saran itace, mutumin da ya yi wa sojoji miliyoyi umarni ya ƙare da gatari yana faskare.

Auren junan nan ya zo da ciwo iri biyu da mutane ke cakuɗawa. Na gidan Habsburg auren zumunci ne da ya wuce gona da iri, kawu ya auri 'yar 'yar uwarsa, a maimaita a sake maimaitawa, har haɓarsu ta zama tambari, ƙarshensa Charles na 2 na Sifaniya da ya rayu cikin rashin lafiya ya mutu a 1700 ba ɗa ba jika, aka shafe sama da shekara goma ana yaƙi kan gadonsa. Na Biktoriya kuwa daban ne, ciwon rashin daskarewar jini ne da mata ke ɗauke da shi ya bayyana a 'ya'yansu maza, 'ya'yanta da jikokinta mata suka kai shi Jamus da Sifaniya da Rasha. Ciwon nan na ɗan Nicholas shi ya buɗe wa Rasputin, wani mai da'awar addini da warkarwa, ƙofar fada, abin da ya ƙara zubar da mutuncin gidan a idon Rashawa.

Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun share mafi yawan gadajen. Jamus da Ostiriya da Rasha suka tafi da na farko, Italiya ta kori nata da ƙuri'a a 1946, Romaniya a 1947, Girka ta rufe babin da ƙuri'ar 1974. Masarautun da suka rage masu sarki ko sarauniya bakwai ne, Birtaniya, Sifaniya, Holan, Beljiyam, Denmak, Norwe da Siwidin, sai ƙanana irin Luksambag da Monako da Liechtenstein. In ka duba waɗanda suka tsira za ka ga galibinsu waɗanda suka saki mulkin ne tun da wuri suka riƙe sunan. Sarkin Siwidin tun tsarin mulkin 1974 ko firaminista ba shi yake naɗawa ba, shugaban majalisa ne. Sarkin Ingila in ya je buɗe majalisa da kambi a kai, jawabin da yake karantawa gwamnati ce ta rubuta, ko bai yarda da shi ba haka zai karanta fuska ba yabo ba fallasa. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu, tunda mu ma an karɓe kotuna da 'yan doka da gidan yari daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran, amma har gobe ranar hawan sallah gari yake tsayawa. Kuma Bahaushe ba sai an yi masa bayanin cewa tufafi na magana ba, wanda ya san ba kowa ke naɗa rawani mai kunne biyu a Kano ba, ba kowa ke yafa alkyabba ba.

Faransa ce ta fara mayar da ado siyasa sosai. Louis na 14 da ministansa Colbert sun ɗaure wa masaƙan siliki na Lyon da masu leshi gindi don kuɗin ƙasa ya daina tafiya Italiya, a fadarsa ta Versailles kuma jan dunduniyar takalmi alama ce ta na jikin sarki. Amma Faransar ce kuma ta nuna inda abin ke kashe mutum. Sarauniya Marie Antoinette tana da mai ɗinkinta Rose Bertin da 'yan gari ke wa ba'a da ministar ado, ana ta riguna da ƙunshin gashi kamar hasumiya talaka na neman burodi, a 1793 aka sare mata kai. Ba riga ce ta jawo juyin juya halin ba, bashi da yunwa ne, amma rigar ce abin da mai jin yunwa yake iya gani da idonsa. Duk gidajen da suka rage sun haddace darasin nan, shi ya sa adonsu na yau kullum tafiya ce a kan siraɗi, ka yi ƙasa a ce ka zubar da sarauta, ka yi sama a ce kana cin kuɗin haraji.

Wadda ta fi kowa iya wannan tafiyar a ganina Elizabeth ta 2 ce. Aurenta a 1947 ya zo ana rabon tufafi da kati saboda talaucin bayan yaƙi, ita ma da katin ta biya yadin rigar da Norman Hartnell ya ɗinka mata, gwamnati ta ƙara mata 200, matan ƙasa suka yi ta aiko mata da nasu ta gidan waya aka mayar musu don doka ta hana ba wa wani. Ka ga an yi ado kuma an sayi zuciyar talaka a lokaci ɗaya. Bayan nan shekara 70 ta yi a kan gado tana sa launuka masu ɗaukar ido, ruwan ɗorawa, shuɗi, kore shar, daga hula har kwat iri ɗaya, dalilin kuwa mace ce gajera kuma wanda ya tsaya awa uku a titi yana so ya koma gida ya ce ya hango sarauniya. Har ɗan ƙarfe mai nauyi ake ɗinka mata a bakin riga kada iska ta ɗaga. Da ta je Jamhuriyar Ayalan a 2011, ziyarar farko da wani mai sarautar Birtaniya ya kai tun da ƙasar ta ɓalle, da koren kaya ta sauko daga jirgi, launin 'yan ƙasar, tun kafin ta buɗe baki an gama fahimtar saƙon. A 2017 kuma ana tsakiyar rigimar ficewa daga Tarayyar Turai ta buɗe majalisa da shuɗiyar hula mai furanni masu rawaya a tsakiya, duniya ta ɗauka tutar tarayyar ce, mai kula da kayanta Angela Kelly ta ce dacewa ce kawai. Ko ma dacewar ce, ai abin lura shi ne mutane sun saba karanta hularta kamar jarida.

Diyana matar Yarima Charles ta farko kuwa ta ɗauki makamin ta juya shi kan gidan da kansa. Ranar 29 ga Yunin 1994 aka nuna hirar da Charles ya amsa a talabijin cewa ya ci amanar aurensu, a daren ta fito wani taro a Landan da baƙar gajeriyar riga kafaɗa a waje, irin wadda matan gidan sarauta ba sa sawa, washegari ba a iya buga labarinsa ba sai da hotonta a gefe. A 1997 ta yi gwanjon rigunanta 79 a New York aka tara sama da dala miliyan 3 na taimako, a shekarar kuma ta bi ta filin nakiyoyi a Angola da farar shet da rigar kariya, hoton da ya fi jawabi dubu tasiri.

Kamfanoni ba wawaye ba ne, sun daɗe da gane wannan kasuwa. Louis Vuitton da matanmu ke rububin jakarsa, ta gaske da ta jabu, asalinsa mai haɗa akwati ne da ya yi suna da shirya wa Eugénie matar Napoliyon na 3 kayan tafiya. Jakar Hermès da ake kira Kelly sunan Grace Kelly ne, 'yar fim ɗin Amurka da ta auri Yarima Rainier na Monako a 1956 aka yi ta ɗaukar ta hoto da jakar. Jakar Lady Dior kyauta ce da matar shugaba Chirac ta ba Diyana a Faris a 1995, ta yi ta yawo da ita har kamfanin ya sa mata laƙabinta. A Birtaniya akwai ma takardar shaida da fada ke ba ɗan kasuwar da ya shekara biyar yana kai mata kaya, ya buga tambarin sarauta a jikin hajarsa, Burberry da Barbour duk sun ci moriyarta, kuma ana ƙwacewa, Cadbury masu Bournvita sun riƙe tasu tun zamanin Biktoriya suka rasa ta a ƙarshen 2024. Shuɗiyar rigar kamfanin Issa da Kate ta sa ranar sanar da baikonta a 2010 kwana ɗaya ba ta yi a kanti ba ta ƙare.

Sai dai salon ya juya, don yanzu matan da ke shigowa gidajen ba 'ya'yan sarakuna ba ne. Kafin aure Letizia ta Sifaniya mai karanta labarai ce a talabijin, Máxima ta Holan ma'aikaciyar banki ce 'yar Ajantina, Mary ta Denmak 'yar Ostireliya ce da ta haɗu da Yarima Frederik a wata mashaya a Sidni lokacin wasannin Olamfik na 2000, ita ma Biktoriya mai jiran gadon Siwidin mai koya mata motsa jiki ta aura a 2010. Waɗannan sun san farashin kaya a kasuwa. Letizia za ta sa rigar Zara ko Mango da kowace ma'aikaciya za ta iya saya, kamfanonin ƙasarta ne, ta kuma maimaita ta bayan wata shida ba kunya, jaridu su yaba mata da tattali. A da tsada ce ke nuna sarauta, yanzu araha ce ke kare ta, duk da dai in ka duba kunnen za ka ga ɗan kunnen ya sayi gida.

Abubuwan sha'awarsu ma haka suke, rabi jin daɗi rabi aiki. Doki shi ne kan gaba musamman a Ingila, Elizabeth ta san asalin dawakinta kamar yadda Bafulatani ya san shanunsa, ranar da goɗiyarta Estimate ta ci babban kofin Ascot a 2013 aka ga dariyar da ba a saba gani a fuskarta ba. 'Yarta Anne ta yi sukuwa a Olamfik na 1976, jikarta Zara ta ci azurfa a 2012. Mijinta Philip da Charles da 'ya'yansa duk sun buga folo, wasan da Turawan Ingila suka ɗauko daga Indiya, kuma ta hannunsu ya iso mana, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume shi, ɗansa Usman Nagogo ya zama gwani a kai. Da Elizabeth ta zo Najeriya a 1956 ai da dawaki aka tarbe ta a babban daba na Kaduna, an san abin da zai shiga ranta. Wani abin da zai ba masu kiwon tattabaru dariya, gidan sarautar Ingila ya kafa ɗakin tattabarun tsere a Sandringham tun a ƙarni na 19, asalinsu kyauta ce daga Leopold na 2 na Beljiyam, mutumin nan da ya mayar da Kwango gonarsa ta kansa aka yi ta yanke hannayen mutane saboda roba.

Na arewacin Turai su ruwa da ƙanƙara suka fi so. Olav na 5 na Norwe ya ci zinare a tseren jirgin ruwa a 1928, ɗansa Harald ya je Olamfik sau uku, Felipe na Sifaniya ya riƙe tutar ƙasarsa a na Basalona a 1992. Margrethe ta Denmak mai zane ce, tana tsara kayan 'yan wasan dandali da na fim, kuma tana sa launukan da ta ga dama ba ruwanta, ta sauka da kanta a Janairun 2024 bayan shekara 52. Wanda ya fi burge ni Willem-Alexander na Holan ne, a 2017 ya bayyana cewa ya shekara 21 yana tuƙa jirgin fasinja na KLM a matsayin mataimakin matuƙi kusan sau biyu a wata, da hular ma'aikata yake ratsa filin jirgi da wuya a gane shi, fasinja na cin biskit bai san sarkinsa ne ke yi masa sannu da zuwa ta lasifika ba.

Amma ka dubi yadda abin sha'awa ke ɗaga sarki ko ya kayar da shi. A 1973 da man fetur ya yi wuya aka hana tuƙa mota a ƙarshen mako a Norwe, Olav ya ɗauki kayan wasan ƙanƙararsa ya shiga jirgin ƙasan cikin gari kamar kowa, aka ɗauki hotonsa yana miƙa wa kwandasta kuɗi, har yau 'yan ƙasar na ji da hoton nan. Juan Carlos na Sifaniya kuma labarinsa ya haɗa duka biyun. Daren 23 ga Fabrairun 1981 wasu jami'an tsaro suka kutsa majalisa da bindiga za su yi juyin mulki, bayan tsakar dare ya fito a talabijin sanye da kakin babban kwamandan askarawa ya ce bai yarda ba, kakin nan ya yi rabin aikin don da sojoji yake magana, aka wayi gari juyin ya rushe, ya zama gwarzo na shekara talatin. Sai 2012, Sifaniya na cikin matsin tattalin arziki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba su da shi, kawai aka ji sarki ya karye a ƙugu a Botsuwana wurin farautar giwa, tafiyar da ba don karayar ba da ba wanda zai sani. Ya fito daga asibiti ya ba da haƙuri, ƙungiyar kare namun daji ta WWF reshen ƙasar da yake shugabanta na girmamawa ta sauke shi, a 2014 ya bar wa ɗansa gadon, a 2020 bincike kan kuɗaɗensa ya yi zafi ya koma Abu Dabi da zama. Sarakunan Turai sun shekara dubu suna farauta ba wanda ya ce uffan, abin da ya canza shi ne yanzu talaka ne ke riƙe da igiyar, don shi ke biyan kuɗin, a Birtaniya kawai kason da gwamnati ke ba fada ya kai fam miliyan 86 a shekara kafin a ƙara shi a 2025.

Inda adon ya fi nauyi gare mu 'yan ƙasashen da aka mulka shi ne duwatsun da ke kan kambin. Lu'ulu'un Koh-i-Noor an karɓe shi ne a 1849 daga hannun yaro ɗan shekara goma, sarkin Punjab, bayan Ingila ta ci ƙasarsa da yaƙi, Indiya da Pakistan da wasu na ta cewa nasu ne. Da aka zo naɗin Charles a Mayun 2023 fada ta san in matarsa Camilla ta ɗora kambin da dutsen ke jiki za a yi surutu, sai aka ɗauko tsohon kambin Sarauniya Mary aka gyara ba tare da shi ba, aka ce ai tattali ne ma tunda ba a ƙera sabo ba. Duwatsun da aka liƙa a jikinsa kuwa guda uku ne daga cikin waɗanda aka yanka daga Cullinan, lu'ulu'un nan mai nauyin karat 3,106 da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905 gwamnatin mulkin mallaka ta Transvaal ta ba Edward na 7 kyauta. Tun kafin ranar naɗin 'yan Afirka ta Kudu suka fara tara sa hannu a intanet suna neman a dawo musu da nasu.